IDAN FIRINTA TA ƘI BUGA TAKARDA A GIDA: YADDA AKE GANO INDA CIKAS YAKE

An shirya wannan ɗan littafi ne domin magidanta da ɗalibai da ƙananan 'yan kasuwa waɗanda suke da kwamfuta da firinta a gida, suka kuma haɗa su da 'yar akwatin nan mai rarraba intanet da ake kira rauta. Amfanin wannan haɗi a fili yake: firinta guda ta ishi kowa a gidan, ko daga kwamfuta ko daga wayar hannu, ba sai an ja waya daga ɗaki zuwa ɗaki ba. Amma sau da yawa sai ranar da ake gaggawar buga takardar neman aiki, ko takardar shiga jarrabawar JAMB, sa'an nan na'urar za ta yi shiru kamar ba da ita ake ba. Sai ka ga mutum ya saɓa ta ya kai wa mai gyara, ya biya kuɗin mota da na dubawa, a can ta buga lafiya lau, ya komo gida ta sake ƙi. Dalili kuwa shi ne lafiyarta ƙalau, saƙon ne yake ɓata a hanya kafin ya kai gare ta.

Da yake yawancin na'urorin da ake sayarwa a ƙasar nan da Turanci suke magana, za mu kawo kalmomin da za ka gani a fuskarsu yadda suke, domin ka gane su in ka gan su.

TAFIYAR DA TAKARDA TAKE YI

Sa'ad da ka ba da umurnin a buga takarda, ba ta zarcewa kai tsaye. Da farko akwai wata 'yar manhaja da masana suke kira direba, wadda aikinta na tafinta ne: ita ce take juya rubutunka zuwa harshen da irin firintarka take ji. Daga nan sai takardar ta shiga layin jira a cikin kwamfuta. In lokacinta ya yi, sai a miƙa ta ga rauta, rauta kuma ta duba adireshin da ke kanta ta kai wa firinta. Watau zango huɗu ke nan kafin tawada ta taɓa takarda, kuma kowane zango yana iya riƙe saƙon. Aikinka shi ne ka bi su ɗaya bayan ɗaya har ka ga inda ya tsaya. Kada ka canza abu biyu a lokaci guda, domin in abin ya gyaru ba za ka san wanne ne ya yi magani ba, in kuwa ya ƙara lalacewa ba za ka san abin da za ka mayar ba.

Akwai kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba. Wannan tafiya duk a cikin gida ake yin ta. Galibin firintoci ba su bukatar intanet kafin su buga, saboda haka ƙarewar data ba ta hana bugu muddin rauta tana kunne. Kada a ruga sayen data da sunan gyaran firinta.

A FARA DA FIRINTA ITA KANTA

Je ka gabanta ka duba. Tana kunne? Akwai takarda a cikin tirenta? An rufe murafenta duka sosai? Fitila mai ruwan goro ko ja wadda take ƙyaftawa tana nufin na'urar tana kuka da wani abu a jikinta, ko takarda ta maƙale, ko tawada ta ƙare, ko murfi bai zauna ba. In takarda ce ta maƙale, kashe na'urar, ka jawo takardar a hankali da hannu biyu, ka bi hanyar da take bi in za ta fita. In firintar mai hoda ce, watau mai aiki da hasken lesa, dakata ta huce, domin sashen da yake manna hodar a kan takarda yana yin zafin da ya kusa digiri 200. Da damina takarda takan sha danshi ta manne da juna, saboda haka a riƙa ajiye ta cikin ledarta, a kuma kaɗa ta kafin a zuba. Da hunturu kuwa ƙura ce take hawa robobin da suke jan takarda har su riƙa zamewa.

Bayan wannan sai ka sa firintar ta buga rahoton kanta daga maɓallan da ke jikinta, ba daga kwamfuta ba. Kusan kowace firinta mai shiga hanyar sadarwa tana da shafin da take bayyana sunan Wi-Fi ɗin da take kai da adireshinta, littafin da aka sayo ta da shi zai nuna maka maɓallin. In ta buga wannan shafi tsaf, to, injinta da tawadarta lafiya suke, ba ta bukatar zuwa wurin kowa. Riƙe shafin nan, za mu koma kansa.

Sa'an nan ka kashe firinta da kwamfuta da rauta gaba ɗaya. Kunna rauta tukuna, ka ba ta minti biyu ko uku fitilunta su daidaita, kana ka kunna firinta, daga ƙarshe kwamfuta. Wannan jeri yana da dalili, za ka gan shi a gaba. Sai dai a kula: a bayan rauta akwai wani ɗan rami da aka rubuta wa “Reset”. Wanda ya cusa tsinke a ciki ya danne ya goge sunan Wi-Fi da kalmar sirri da dukan shirin da aka yi mata, ya kuma jawo wa kansa aikin da ya fi na farko. Cire wuta a mayar ya isa.

BATUN ADIRESHI

Nan ne cikas ya fi yawa, saboda haka za mu ɗan daɗe a kansa.

Kowace na'ura da ta shiga hanyar sadarwar gida tana samun adireshi, watau lambobi huɗu da ɗigo a tsakaninsu, kowace lamba daga 0 zuwa 255, alal misali 192.168.1.7. A galibin gidaje lambobi ukun farko iri ɗaya ne ga kowa, su ne kamar sunan unguwa, ta ƙarshen ce take bambanta na'ura da na'ura kamar lambar gida. Rauta ce take raba waɗannan lambobi, kuma aro take ba da su, kamar yadda mai masauki yake ba baƙo ɗakin da ya tarar babu kowa. Baƙon da ya kwana a ɗaki na 7 jiya, in ya fita ya komo, yana iya samun kansa a ɗaki na 12.

To, ga yadda abin yake faruwa. Ranar da aka fara haɗa firinta da kwamfuta, kwamfutar ta rubuta cewa firinta tana lamba 7. Bayan kwana biyu aka ɗauke wuta. Da aka kawo, wayoyin yara da talabijin suka riga firinta shiga, wata waya ta karɓi lamba 7, firinta ta sami 12. Kwamfuta ba ta da labari, tana nan tana aika takardu ɗaki na 7, inda babu mai amsawa, sai ta rubuta maka “Offline”, watau ba ta ganin firintar, alhali ga ta nan a gabanka fitilarta tana ci. A ƙasashen da wuta ba ta yankewa rauta takan yi watanni ba ta mutu ba, saboda haka wannan cikas jefi-jefi suke ganinsa. A wurinmu kuwa, inda ake sauyawa daga wutar gari zuwa janareta sau biyu ko uku a yini, shi ya kamata a fara zargi.

Yadda za ka tabbatar ba wuya. Dubi adireshin da ke kan shafin da firinta ta buga. Sa'an nan a kwamfuta mai Windows ka danna maɓallin da ke da tambarin Windows tare da harafin R, ka rubuta cmd, ka shigar. Wani baƙin allo zai buɗe. Rubuta ipconfig, za ka ga adireshin kwamfutarka a layin da aka rubuta “IPv4 Address”. Gwada shi da na firinta. In lambobi ukun farko sun sha bamban, to, ba a unguwa ɗaya suke ba. In kuwa adireshin firinta ya fara da 169.254, ko ya zama sifiri zalla, ma'anarsa ita ce ta nemi rauta ba ta same ta ba, sai a sake shigar da ita Wi-Fi daga farko. Wannan yakan faru in firinta ta riga rauta farkawa, dalilin jerin da muka faɗa ke nan. Yakan kuma faru in maigida ya canza kalmar sirri saboda maƙwabta, ya sanar da kowa a gidan ya manta da firinta.

In unguwar ɗaya ce, sai ka yi sallama da firintar. A baƙin allon nan rubuta ping, ka bar fili, ka rubuta adireshinta. Kwamfuta za ta aika ɗan saƙo sau huɗu ta jira amsa. In ka ga “Reply from” da adireshin firinta, da lokacin da saƙon ya ɗauka, hanya a buɗe take. In ka ga “Request timed out”, ba a amsa ba. A karanta layin har ƙarshensa, domin wani lokaci yakan fara da “Reply from” amma ya ƙare da “unreachable”, wannan kuwa kwamfutarka ce take gaya maka ba ta sami kowa ba. Wata hanyar kuma ita ce ka rubuta adireshin firinta a wurin da ake rubuta adireshin shafin intanet. In shafin firintar ya buɗe, da sunanta da yawan tawadar da ta rage, babu sauran shakka ita ce a wannan lamba.

Maganin gaggawa shi ne ka nemi “Printers & scanners” a kwamfuta, ka cire firintar, ka sake ƙara ta, kwamfuta za ta koyi sabon adireshin. Amma gobe in aka ɗauke wuta za a iya komawa gidan jiya. Magani mai ɗorewa shi ne a shiga shafin rauta a keɓe wa firinta lamba guda wadda ba za a ƙara ba kowa ba. Adireshin shiga rauta da kalmar sirrinta galibi suna rubuce a ƙarƙashinta, wurin da ake nema kuwa yakan ɗauki suna irin “Address Reservation” a ƙarƙashin “DHCP”. Za a tambaye ka lambar haihuwar firintar, wadda ake kira MAC, mai haruffa da lambobi 12, tana kan shafin nan da ka riƙe. Aikin minti goma ne, kuma a ganinmu ya kamata duk mai haɗa wa mutane firinta ya yi shi tun ranar farko ba sai an roƙe shi ba.

GIDA ƊAYA, HANYA BIYU

Wani lokaci adireshi yakan bambanta ne domin akwai hanyar sadarwa fiye da ɗaya a gidan. Maigida yana da rauta, uwargida tana da 'yar ƙaramar aljihu mai batir, ɗa kuma ya buɗe wa kwamfutarsa intanet daga wayarsa. Firinta ɗaya daga cikinsu kaɗai take kai, kuma sai wanda yake kan wannan ɗin ne zai gan ta. Haka kuma wayar da take kan datar layinta, Wi-Fi a kashe, ba za ta ga firinta ba ko da a kanta aka ɗora ta. Rautoci da yawa suna da hanyar baƙi, wadda aka yi musamman domin baƙo ya sami intanet ba tare da ya ga kayan gida ba. Duk na'urar da ta shiga ta nan an yi mata katanga da firinta. Manhajar ɓoye hanya da ake kira VPN ita ma takan yi irin wannan katanga, a kashe ta a gwada.

Rautocin zamani suna watsa Wi-Fi a zango biyu, na gigahaz 2.4 da na 5. Firintoci da yawa, musamman masu araha da tsofaffi, na 2.4 kaɗai suke ji, saboda haka wurin shigar da su sai a zaɓi wannan. Bayan an shigar, kwamfutar da ke kan na 5 tana iya bugawa, tun da rauta ɗaya ce take haɗa su. Na 2.4 ya fi ratsa bango, amma bangon siminti biyu ko uku sukan raunana shi, kuma firintar da take ɓacewa tana dawowa sau da yawa nisa ne yake damunta. In tana da ramin wayar sadarwa a bayanta, a haɗa ta da rauta da waya, an huta.

A duba kuma yadda Windows ta ɗauki hanyar gidan. In ta sa mata “Public”, watau ta ɗauke ta kamar Wi-Fi ɗin otal ko filin jirgi, sai ta rufe ƙofofinta. A mayar da ita “Private” a gida, amma a gida kaɗai.

LAYIN JIRA

In sallama ta kai, adireshi daidai ne, amma har yanzu shiru, sai a leƙa layin jira. Tsarinsa kamar na tashar mota ne: motar da ke kan layi in ba ta tashi ba, na bayanta ba mai motsawa. Takarda guda da ta lalace takan tsare layin duka. Mai gaggawa kuwa yakan yi ta danna umurnin bugu sau goma, ranar da layin ya buɗe kuma firinta ta amayo kofi goma, takarda da tawada su tafi a banza. Buɗe layin daga “Printers & scanners”, ka soke duk abin da ke ciki, ka kuma tabbatar ba a sa alama a kan “Pause Printing” ko “Use Printer Offline” ba.

In takardun sun ƙi sokuwa, sai a sallami ɗan kamashon a share tasha. Danna tambarin Windows da R, rubuta services.msc, nemi “Print Spooler”, ka tsayar da shi. Sa'an nan ka buɗe C:\Windows\System32\spool\PRINTERS, ka goge abin da ke ciki, ka bar jakar ita kanta. Komo ka tayar da “Print Spooler”. Takardunka na asali ba abin da zai same su, kofin da aka shirya wa firinta kaɗai ka goge. A kwamfutar Apple akwai umurnin sake tsarin bugu gaba ɗaya, amma shi yana cire dukan firintocin da aka shigar, sai an sake ƙara su.

FIRINTAR DA AKA RATAYA WA KWAMFUTA GUDA

Wasu firintocin ba su da Wi-Fi, sai a haɗa su da kwamfuta ɗaya da wayar USB, ita kuma ta raba wa sauran. A wannan tsari lalle ne uwar kwamfutar ta kasance a kunne, ba tana barci ba, in ba haka ba babu mai bugawa.

A 2021 aka gano wata kafa a sashen layin jira na Windows, wadda aka yi wa laƙabi da PrintNightmare, da ɓarayin intanet za su iya bi su mallake kwamfuta. Kamfanin Microsoft ya fitar da gyare-gyare domin toshe ta, kuma bayan gyaran watan Satumba na wannan shekara mutane da yawa masu raba firinta ta irin wannan hanya suka fara ganin lambar kuskure 0x0000011b. Har yau akan gamu da ita, musamman inda kwamfuta ɗaya ta karɓi sabuntawa ɗayar kuwa an bar ta a baya. Akwai masu ba da shawarar a shiga cikin rajistar Windows a kashe tsaron da aka ƙara. Bugu yakan dawo, gaskiya ne, amma mutum ya cire kwaɗon ƙofarsa ne domin mabuɗi ya yi masa tauri. Abin da ya fi shi ne a sabunta kwamfutocin duka biyu, a sa direba iri ɗaya a kowacce. A tuna kuma Microsoft ta daina kula da Windows 7 a Janairun 2020, Windows 10 kuwa wa'adinta na yau da kullum ya cika ranar 14 ga Oktoba, 2025, saboda haka gidan da ya haɗa tsohuwar kwamfuta da sabuwa zai fi samun sauƙi in ya haɗa firinta da rauta kai tsaye, in tana da halin haka.

IN TA BUGA AMMA BA DAIDAI BA

Firintar da take fitar da shafi bayan shafi na baƙaƙen alamomi marasa ma'ana, layi ɗaya ko biyu a saman kowane shafi, an yi mata magana ne da harshen da ba ta ji. Manyan harsunan biyu ne, PCL na kamfanin HP da PostScript na kamfanin Adobe, dukansu tun 1984 suke, kuma ba kowace firinta ce take jin duka biyun ba. Kashe ta nan da nan, share layin jira, ka cire direban, ka ɗauko na ainihin samfurinta daga shafin kamfanin da ya ƙera ta. Kada ka ɗauko daga shafukan da suke alkawarin gyara maka dukan direbobi kyauta, ta nan ƙwayoyin cutar kwamfuta suke shiga. Wayoyin hannu galibi ba su bukatar direba: na Apple suna da AirPrint tun 2010, na Android kuma suna da tsarin bugu nasu, in dai firintar ta yarda da shi. Wanda tsohon littafi ya ce masa ya yi amfani da Google Cloud Print, ya sani an rufe shi a ƙarshen 2020.

Girman takarda ma yana tsayar da aiki. Takardar da muke amfani da ita a Nijeriya ita ce A4, mai faɗin milimita 210 da tsawon 297. Ta Amurka, wadda ake kira “Letter”, ta fi faɗi amma ta fi gajarta, kusan 216 da 279. Kwamfutocin da aka shigo da su na hannu daga can sukan zo a shirye da girman Amurka, sai firinta ta tsaya tana jiran a zuba mata takardar da babu ita a gidan, ko ta buga amma gefen rubutu ya yanke. A sa A4 a wuri biyu, cikin manhajar rubutu da cikin shirin firintar.

WUTA DA MAI GYARA

Firinta mai hoda tana fizgar wuta da yawa a lokacin da take ɗumama sashen mannawa. Ƙaramin janareta ko ƙaramar inbata ko batirin ajiyar wuta na kwamfuta ba lalle su ɗauke ta ba, sai wuta ta yi ƙasa, rauta ta mutu ta farka, aikin ya yanke a tsakiya. In ka lura cikas ɗin yana zuwa ne kawai sa'ad da ake kan janareta, ka sami bakin zaren. Firinta mai tawadar ruwa kuwa ba ta cin wuta sosai, amma in ta daɗe ba ta yi aiki ba tawada takan bushe a bakin allurarta, ballantana da zafin bazara. A buga shafi guda ko da sau ɗaya a mako.

In firintar ta kasa buga rahoton kanta, ko tana ƙara kamar ana niƙa, ko tana warin ƙuna, to, wannan na mai gyara ne, a cire ta daga wuta a kai masa. Ka rubuta masa saƙon kuskuren harafi da harafi, ko ka ɗauki hotonsa da waya, ka kuma gaya masa abin da ya canza a gidan kafin abin ya fara, ko sabuwar rauta, ko sabuwar kalmar sirri, ko sabuntawar da kwamfuta ta yi cikin dare. In kuwa takardar ta gobe da safe ce ba ta jiran gyara, a haɗa firintar da kwamfuta da wayar USB a buga, ko a adana takardar a matsayin PDF a kai shagon buga takardu mafi kusa.